Wata uku ina sauraron gajerun jawabai a wata manhaja, ga abin da na gani

Wata uku kenan da na sauke wata manhaja a waya wadda ba ta da wani aiki sai tara gajerun jawaban da suka yi suna a tarihi, ka danna ka karanta ko ka sa iyafis ka saurara. Tun sati na biyu hannuna yake ƙaiƙayi in yi rubutu a kanta amma na ce bari dai in gama zagaye ta tukuna, kar in yi saurin yabo daga baya in zo ina janyewa. Ba zan kama sunanta ba don ba talla aka sa ni ba, kuma irinta suna da yawa, kusan duk tsari ɗaya suke bi, in kana da wata a wayarka za ka ga yawancin abin da zan faɗa ya shafe ta.

Tsarin ba wuya. Kowane jawabi da shafinsa, a sama sunan mai jawabin da rana da wuri, sai rubutun a harshen da aka yi shi da fassarar Turanci, sai murya in akwai, sai ɗan bayani a ƙasa kan halin da ake ciki lokacin. Abin da ya fara jan hankalina shi ne za ka iya tace su da tsawo, ka ce a nuna maka waɗanda ba su kai minti 5 ba kawai. Kuma in ka sauke sau ɗaya shikenan ko babu data za ka ji, ba ta cin batir, ba ta nauyi. Ta wannan ɓangaren gaskiya ba ni da ƙorafi.

Na fara da na Abraham Lincoln a Gettysburg saboda shi suka sa a sahun gaba, kuma shafin nan shi ne mafi kyau a duk manhajar, da a ce haka suka yi wa sauran da ba ni da abin cewa. Ranar 19 ga Nuwamba 1863 ne, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, an taru za a keɓe maƙabarta ga sojojin da suka mutu a gumurzun da aka yi a wurin daga 1 zuwa 3 ga Yuli na shekarar, gumurzun da ya ci kusan mutum 50,000 in ka haɗa matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Babban mai jawabi a ranar ma ba Lincoln ba ne, Edward Everett ne, wanda ya yi kusan awa 2 yana magana, shi shugaban ƙasa an gayyato shi ne ya ɗan ce wani abu a ƙarshe. Ya tashi ya yi kalma wajen 272 cikin minti 2 ya zauna. Washegari Everett da kansa ya rubuta masa cewa da zai kusanci zuciyar al'amarin a awa biyunsa kamar yadda Lincoln ya yi a minti biyu da ya ji daɗi. Manhajar ta sa wasiƙar nan, na ji daɗin hakan sosai.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne bayanin da suka yi kan jimlar farko. Lincoln ya buɗe da cewa shekara 87 da suka wuce kakanninsu suka kafa sabuwar ƙasa, to cire 87 daga 1863 za ka ga 1776 ya faɗa, shekarar da aka yi shelar 'yancin kai mai cewa an halicci mutane daidai, bai koma 1787 ba shekarar kundin tsarin mulkin da ya kau da kai daga bauta. Wato a numfashi ɗaya ya canza wa mutane inda za su riƙa ƙirga asalin ƙasarsu, ya mai da yaƙin daga rikicin ɓallewa zuwa maganar daidaito. Na karanta jawabin nan sau da dama a baya ban taɓa lura da wannan lissafin ba sai a nan. A cikin jawabin ya ce duniya ba za ta damu ba kuma ba za ta daɗe tana tuna abin da suka faɗa a wurin ba, sai ga shi kalmomin rufewar, gwamnatin jama'a ta hannun jama'a domin jama'a, sun tsallake teku sun shiga kundin tsarin mulkin Faransa na 1958 a sashe na 2 kusan harafi da harafi. Shekara 100 bayan jawabin Lincoln, ranar 28 ga Agusta 1963, Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, ya tsaya a gaban ginin tunawa da Lincoln a Washington ya buɗe nasa jawabin da irin wannan salon ƙirgen shekaru da gangan, don duk wanda ya ji ya san bashin wa aka zo karɓa.

Toh a wannan shafin mai kyau ne kuma na fara cin karo da abin da ya ɓata min rai. Akwai maɓallin murya, na danna, sai ga wata murya mai kauri da ƙarar tsohon faifai a bayanta kamar an tono ta daga rumbu. Jama'a, an kashe Lincoln a 1865, na'urar ɗaukar murya ta Edison sai 1877 ta fito, babu wani rikodin na muryarsa a duniya. Wani ne ya karanta aka ƙara masa ƙararrakin nan don ya yi kama da tsoho, kuma babu inda aka rubuta hakan. Ba laifi ba ne a sa mai karatu ya karanta, laifin shi ne a yi shiru a bar yaro ɗan makaranta ya tafi yana cewa ya ji muryar Lincoln.

Daga nan na fara bin sauran da ido biyu, sai na ga abin ba ɗaya ba ne. Kiran da Janar de Gaulle ya yi wa Faransawa ta BBC daga Landan ranar 18 ga Yuni 1940, lokacin da Jamus ke mamaye Faransa a yaƙin duniya na biyu, cewa an sha kaye a fage ɗaya amma yaƙi bai ƙare ba kuma wutar turjiya ba za ta mutu ba, ba a naɗe shi ba a ranar. Muryar da ake yawo da ita ta 22 ga Yuni ce, wani jawabi ne daban da ya sake yi. Manhajar ta liƙa ta a ƙarƙashin 18 ga wata ba tare da ko kalma ba. Haka na Churchill na 4 ga Yuni 1940, wanda yake cewa za su yi faɗa a bakin teku da tituna ba za su miƙa wuya ba, a majalisa ya yi shi kuma lokacin ba a naɗar zaman majalisa, muryar da muke ji sai 1949 ya zauna ya karanta aka ɗauka, yaƙi ya ƙare da shekara 4. Kuma wallahi wannan bayanin da suka ɓoye ya fi abin da suka nuna daɗi, domin na de Gaulle mutane ƙalilan ne suka ji shi a daren, mutumin ma ba a san shi sosai ba lokacin, jaridu ne suka ɗauka, sannan waɗanda suka tsallaka suka bi shi da waɗanda suka yi turjiya a cikin gida su ne suka mai da 18 ga Yuni ranar da ake tunawa har yau. Da ba su tashi ba da jawabin ya bi iska kamar dubbai irinsa.

Nan ne nake ganin masu manhajar ba su fahimci kayan da suke sayarwa ba. A tallarsu suna nuna kamar sirrin yana cikin gajarta ne, ka yi magana kaɗan duniya ta girgiza. Ni kam bayan wata uku abin da na gani daban ne. Gajarta tana taimakawa wajen haddacewa da bugawa a shafin farko na jarida da koya wa yara, shi ya sa na Lincoln ya rayu na Everett ya kwanta, amma ba ita ke sa jawabi ya yi aiki ba. Sai an samu mutumin da ya faɗi abin da jama'a ke ji a ƙirji sun kasa furtawa, a daidai ranar da ake buƙata, sannan a samu waɗanda za su ɗauki maganar su yi ta maimaitawa shekara da shekaru suna neman a cika ta. In ka cire jawabi daga ranarsa ka manna shi a kan hoton faɗuwar rana ka turo min da asuba a matsayin "kalmar ƙarfafa gwiwa ta yau", kamar yadda manhajar nan take yi kullum sai da na kashe saƙon, ka kashe shi ne.

Wanda ya fi taɓa ni a duk tarin shi ne na Robert Kennedy, kuma nan muryar ta gaske ce. Daren 4 ga Afrilu 1968 aka harbe King a Memphis, shi Kennedy yana kamfen na neman shugabancin Amurka zai yi taro a unguwar baƙaƙen fata a Indianapolis, 'yan sanda suka ce kar ya je ba za su iya ba shi kariya ba, ya je. Ya hau bayan wata motar ɗaukar kaya, yawancin mutanen wurin ba su ma ji labari ba, shi ya faɗa musu. In ka sa iyafis za ka ji ihun da ya tashi daga taron lokacin da ya ce an kashe shi, tsigar jikina ta tashi, na tsayar na sake mayarwa. Minti 5 ne kacal. Ya ce musu ya san abin da suke ji domin shi ma an kashe masa ɗan uwa kuma farar fata ne ya kashe shi, ya kawo baitin wani tsohon mawaƙin Girka, Aeschylus, kan yadda ciwo ke ɗiga a zuciya har hikima ta zo, ya roƙe su su koma gida su yi addu'a. A kwanakin nan tarzoma ta ɓarke a birane sama da 100 a Amurka, Indianapolis ta zauna lafiya. Wata 2 bayan haka shi ma aka harbe shi. Sai dai ku ji abin takaici, ana tsakiyar wannan, daidai inda muryarsa ke rawa, talla ta faɗo ta wasan waya mai kiɗa. Dan Allah wa ke yin haka? Jawabin minti 5 ne fa, a sa tallar kafin ko bayan mana.

Na shugaban Amurka Roosevelt na 8 ga Disamba 1941, washegarin harin da Japan ta kai wa sansanin sojin ruwan Amurka na Pearl Harbor, sun kyauta da suka sa hoton takardar da ya yi wa gyara da hannunsa, inda ya soke "tarihin duniya" ya sa kalmar da ke nufin abin kunya da ba a mantawa. Minti 7 bai cika ba, cikin awa ɗaya majalisa ta amince da yaƙi, mutum ɗaya ne tak ya ƙi, wata mace, Jeannette Rankin. Na Nehru, firaministan Indiya na farko, na daren 14 ga Agusta 1947 da ƙasar ke samun 'yancin kai, shi ma yana nan da muryarsa, amma bayanin ƙasa layi biyu ne, ko ambaton rabuwar Indiya da Pakistan da jinin da ake zubarwa a daidai lokacin ba su yi ba. Na Sarki Hirohito na 15 ga Agusta 1945 kuwa sun yi ƙoƙari, sun faɗi cewa a faifai aka naɗa da daddare aka sa a rediyo da tsakar rana, wajen minti 4 da rabi, karo na farko da talakawan Japan suka ji muryarsa, kuma da tsohon harshen fada ya yi har da yawa ba su gane cewa an miƙa wuya ba sai da mai gabatarwa ya yi musu bayani.

Kuskuren da na fi jin zafinsa shi ne na Sojourner Truth. Baiwar Allah nan an haife ta cikin bauta, ta kuɓuta, ta tashi a taron 'yancin mata a Akron ta jihar Ohio a 1851 ta yi magana ba takarda. Akwai rubutu biyu na abin da ta ce. Na farko Marius Robinson ne ya buga a jarida 'yan makonni bayan taron, kuma yana wurin. Na biyu Frances Gage ce ta fitar a 1863, shekara 12 bayan haka, ita ce ta sa tambayar nan da ake ta maimaitawa "ashe ni ba mace ba ce", ta kuma sa mata karin harshen bayin kudancin Amurka a baki, alhali matar a jihar New York aka haife ta kuma da harshen Holan ta tashi. Manhajar na biyun kawai ta sa, ba ta ce akwai wani ba. Matar da ta yi rayuwarta tana faɗa don a ji muryarta, a zo kuma a ba mu muryar da wata ta ƙera mata a ce ita ce. Sa duka biyun gefe da gefe ba zai ci musu komai ba, kuma mai karatu zai koyi abu babba, cewa wani lokaci abin da ya yi tasiri a tarihi ba shi ne ainihin abin da aka faɗa ba.

Haka suka yi wa Mandela wani irin yanka. Jawabinsa a kotu a shari'ar Rivonia ranar 20 ga Afrilu 1964 awanni ya ɗauka yana karantawa, su kuma suka ɗauko sakin layin ƙarshe, inda ya ce ya yaƙi danniyar farare ya yaƙi danniyar baƙaƙe kuma aƙida ce da yake shirye ya mutu a kanta, suka jera shi cikin "ƙasa da minti 2". Sakin layin yana da nauyi ne saboda awannin da suka gabace shi, inda ya bi dalla-dalla ya faɗi dalilin da ya sa suka ɗauki makami bayan shekaru suna bin lalama, yana sane cewa hukuncin kisa na iya biyo baya. A rubuta "yanki ne" mana, kalma biyu ce.

Ɓangaren Afirka gaba ɗaya siriri ne. Na ji daɗi dai da na tarar da Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, 30 ga Yuni 1960 ranar 'yancin Kwango. Sarki Baudouin na Beljiyam ya gama yabon Leopold na biyu, tsohon sarkin Beljiyam da ya mallake Kwango, ba a sa Lumumba cikin jerin masu magana ba, ya tashi ya je gaban makirufo ana watsawa a rediyo ya lissafa aikin tilas da zagi da dukan da suka sha safe da rana da yamma don kawai su baƙaƙe ne. Akwai wurin da ya ce wa zai manta cewa baƙar fata "kai" ake ce masa, ba don kusanci ba, sai don "ku" ta girmamawa an ajiye wa farare kaɗai. Fassarar Turancin da manhajar ta sa ta kasa ɗaukar wannan saboda Turanci ba ya bambanta su, sai da suka yi dogon bayani, ni kuwa ina karantawa na gane nan take, duk wanda aka taɓa ce wa dattijonsa "kai" a gabansa ya san zafin. Wata 7 bai cika ba aka kashe shi, 17 ga Janairu 1961, kuma sai a 2022 Beljiyam ta mayar wa iyalinsa haƙorinsa, abin da ya rage na gawarsa kenan. Amma babu Nkrumah na daren 6 ga Maris 1957 da ya ce 'yancin Ghana ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya, maganar da ta zama tsani zuwa kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka a Addis Ababa a 1963. Babu Thomas Sankara na Yulin 1987 kan bashi, wanda ya ce in Burkina Faso kaɗai ta ƙi biya ba zai zo taro na gaba ba, aka kuma kashe shi a Oktoban shekarar.

Sai babban giɓin da ya sa na zauna na rubuta musu saƙo. Manhajar da ke cewa ta tara gajerun jawaban da suka canza duniya, amma ka bincika daga sama har ƙasa babu huɗubar Sayyidina Abubakar (RA) ranar da aka yi masa mubaya'a a shekara ta 11 bayan hijira, 632 kenan. Ku auna ta da ma'aunin da su da kansu suka kafa. Gajarta? Ba ta kai ta Lincoln tsawo ba. An ɗora min jagorancinku alhali ba ni ne mafi alherinku ba, in na kyautata ku taimake ni, in na karkace ku miƙar da ni, mai rauni a cikinku mai ƙarfi ne a wurina har sai na karɓo masa haƙƙinsa, mai ƙarfi kuma mai rauni ne har sai na karɓi haƙƙi daga hannunsa, ku bi ni muddin ina bin Allah da Manzonsa, in na saɓa babu biyayyata a kanku. Lokaci? Al'umma tana cikin ruɗewar da ba ta taɓa shiga ba, Annabi (SAW) ya yi wafati. Tasiri? Sama da shekara 1,300 malamai da talakawa suna ɗaga wannan maganar a gaban masu mulki suna cewa ga sharaɗin. Kafin ita ma akwai jimla biyun da ya faɗa a masallaci da mutane suka kasa yarda da rasuwar, cewa wanda yake bauta wa Muhammadu to Muhammadu ya rasu, wanda yake bauta wa Allah to Allah rayayye ne ba ya mutuwa, jimla biyu suka dawo da mutane hayyacinsu. Huɗubar bankwana ta Arfa ma ba ta ciki. Ban ce don ƙiyayya suka bar su ba, inaga iya abin da suka karanta a makarantunsu kenan, amma to sai su rage girman sunan da suka ba kansu.

Duk da haka ban goge ta ba kuma ba ni da niyya. Ɗalibi mai shirin muhawara, malamin tarihi, mai koyon Turanci da ke son jin yadda ake jera magana, duk za su amfana, musamman da yake tana aiki ba data. In za ka sauke, ka fara shiga saiti ka kashe saƙon kullum ɗin nan, ka sauke jawaban da kake so sannan ka kashe data kafin ka saurara don talla ba ta shigowa in babu intanet, kuma duk muryar da aka ce ta wanda ya mutu kafin 1877 ce ka san karatun wani ne. In taurari biyar ake bayarwa uku zan ba ta, shafin Gettysburg da muryar Kennedy su suka ciyo mata ukun.

A saƙon da na tura musu abu huɗu na roƙa, su riƙa rubuta wa ya karanta da yaushe aka naɗa, su sa rubutun Robinson kusa da na Gage, su cire talla daga tsakiyar jawabi, su kuma buɗe ƙofa masu amfani su riƙa turo jawabai da fassara a wasu harsuna. Na ce musu in sun buɗe, fassarar Hausa ta Lumumba da huɗubar Sayyidina Abubakar ni zan fara turowa, na riga na gama ta Lumumba tana nan a waya.